Dandalin 'Yan Mata: Me Ya Sa Harshen Damo Ke Ba Mu Dariya?

Yau hirar dariya za mu yi, amma ba kowace irin dariya ba, irin wadda takan kuɓuce wa mutum ba shiri idan an yi magana mai harshen damo.

Bari in fara da wadda kusan kowa ta taɓa ji. Daren ashirin da tara ga azumi ne, maigida ya shigo fuska a sake, ya ce da uwargida, "Albishirinki, yau dai na ga wata." Ita kuwa baiwar Allah ta saki ludayi ta dafe ƙirji ta ce, "Wace ce? 'Yar gidan wa?" Duk inda aka ba da wannan labari sai an tuntsire da dariya, wata har da riƙe ciki tana "wayyo Allah". To don Allah mene ne abin dariyar a nan? Babu wanda ya faɗi a caɓi, babu wanda ya murguɗa baki ko ya yi tafiyar agwagwa. Kalma ɗaya ce tak, "wata", maigida yana nufin na sama, uwargida ta ji ta ƙasa.

Damo dai kun san shi, sarkin haƙuri. Harshensa a rabe yake biyu daga ƙarshe kamar na maciji, da shi yake ɗauko warin abubuwa daga iska. Shi ya sa Bahaushe ya ari sunansa ya ba maganar da ta fito daga baki ɗaya amma ta nufi wuri biyu. Malaman Larabci ma suna da babinta a ilimin balaga, suna kiran ta tauriyya, wato ka faɗi kalma mai ma'ana ta kusa da ta nesa, mai sauraro ya kama ta kusa alhali kai ta nesa kake nufi.

Hausa kuwa Allah ya hore mata irin waɗannan kalmomi kamar ƙasa. Ga gari na zama ga gari na tuwo. Ga wuya da ake rataya wa sarƙa ga wuya da ake sha. Ga zane na ɗaurawa ga zane na bulala, shi ya sa idan Baba ya ce "yau akwai zane a gidan nan" sai kin dubi fuskarsa kafin ki yi murna. Ga jaka ta littattafai, ga jaka matar jaki, ga kuma jaka ta iyayenmu wadda take nufin naira 200. 'Yan makaranta sun san ta'asar da ake yi da wannan, wata ta leƙo aji ta ce, "Ina jakar nan take?" tana kallon wadda suka yi faɗa jiya. A gaskiya yawancin kalmomin nan ba ɗaya suke ba a baki. Wata ana jan wasalinta, wata ana gajarce shi, wata murya ta hau sannan ta sauka, wata ta sauka sannan ta hau. Ki faɗi "kuka" na hawaye, ki faɗi "kuka" ta miya, ki saurari kanki, za ki ji a ta biyun muryarki ta faɗo a ƙarshe. Kunnen Bahaushe yana rarrabe su tun yana goye, mai barkwanci ne yake ɗan lanƙwasa murya ya tsaya tsakani don a ruɗe. Amma da zarar an zo rubutun boko shi ke nan, duk sun zama tagwaye, domin ba ma sa alamar karin sauti ko ta tsawon wasali. Baturen nan G. P. Bargery da ya fitar da babban ƙamus na Hausa a 1934, mai kalmomi wajen 39,000, sai da ya bi su yana sa musu alamomi, in ba haka ba baƙon harshe ba zai taɓa sanin garin da ake nufi ba.

Yanzu kuma da saƙon waya ya maye gurbin wasiƙa abin ya ƙaru, don mutane da yawa ba sa damuwa da haruffa masu lanƙwasa. Budurwa ta rubuta "ina jin kishi", saurayi ya kwana yana rantse-rantse, ashe ƙishi take nufi, ruwa kawai take so. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne saurayin da zai rubuto a WhatsApp, "sabo da ke ya hana ni barci." To wanne ne? Saboda ke? Sabo da ke, na shaƙuwa? Ko kuwa saɓo da ke, wa'iyazu billahi? Ƙugiya ɗaya da tazara ɗaya ce tsakanin soyayya da zunubi.

To mu koma kan tambayarmu. Abin da ke faruwa a cikin kai yana da ban mamaki. A 1979 wani masani a Amurka mai suna David Swinney ya yi wani gwaji. Ya sa mutane suna sauraron jimloli da ke ɗauke da kalma mai ma'ana biyu, kamar wata kalmar Turanci da take nufin ƙwaro, take kuma nufin 'yar na'urar da ake ɓoyewa a ɗaki don satar jin magana. Daidai lokacin da kalmar ta shiga kunne sai a haska musu wata kalma a allo, a auna saurin da suka gane ta. Sai aka ga ko da jimlar ta nuna ƙarara ƙwari ake nufi, a wannan ɗan ƙiftawar ido ma'anonin biyu duk a farke suke a ƙwaƙwalwa. Bayan an wuce da 'yan gaɓoɓi kaɗan sai ƙwaƙwalwa ta riƙe wadda ta dace ta saki ɗayar, mutum bai ma san an yi ba. Wato kullum, a kowace hira, kanki yana buɗe ƙofa biyu ya rufe ɗaya da sauri. Idan an ce miki "je ki sayo gari", garin Kano ma ya ɗan leƙo kafin a kore shi.

Abin da mai harshen damo yake yi shi ne ya sa ƙafa ya tare ƙofar nan ta biyu kada ta rufu. Ya bar ki ki kama hanya ɗaya hankali kwance, kin ga watan Sallah, har kin fara tunanin lalle da kitso, kwatsam uwargida ta ce "'yar gidan wa?" sai ki waiwaya ki ga ashe tun farko akwai wata hanyar a gefenki, kuma ita ma ta dace da maganar tsaf. Wannan 'yar girgiza, da daɗin cewa ke da kanki kika gano, su ne suke fita a matsayin dariya. Irin daɗin da kike ji ne idan kin cinye kacici-kacici kafin a ce ki ba da gari. Tun a 1790 wani masanin falsafa Bajamushe, Immanuel Kant, ya yi bayani mai kama da haka, cewa dariya takan zo ne idan mutum ya ɗaure da jiran wani abu, sai abin ya warware ya zama ba komai.

Ku lura da wannan "ba komai" ɗin, don a nan gishirin yake. Muna dariyar uwargida ne saboda mun san wata na sama maigida ya gani, hankalinta ya tashi a banza. Da a ce bayan Sallah da sati biyu sai ga akwatunan lefe ana fita da su daga gidan, wallahi babu macen da za ta yi dariya, sai dai "Allah sarki". Haka kuma dole abin ya zo da sauri, ki gano da kanki. Shi ya sa idan aka ba da labari wata ta ce "ban gane ba", aka tsaya yi mata bayani dalla-dalla, ko ta gane daga baya sai dai ta ce "au, to". An tauna an ba ta, daɗin ya riga ya tafi. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ƙananan yara ma ba su cika kama irin wannan wasa ba sai sun kai wajen shekara shida zuwa bakwai, lokacin da kansu ya fara iya riƙe ma'ana biyu a tare. Ki gwada tambayar ƙanwarki 'yar shekara huɗu, "Wace miya ce kullum take cikin baƙin ciki?" ki ce mata miyar kuka. Za ta yi dariya don ta ga kina yi, gobe kuma ta je ta tambayi Inna ta ce amsar ita ce miyar kuɓewa, ta sheƙe da dariya ita kaɗai.

Ita ma wannan dariyar ta ƙanwarki akwai abin lura a cikinta. Wani masani a Amurka, Robert Provine, wanda ya yi shekaru yana bin mutane a tituna da kantuna yana rubuta lokacin da suke dariya, ya kuma fitar da littafi a kai a shekarar 2000, ya gano mutum ya fi yin dariya wajen sau 30 idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai. Ashe dariya saƙo ce ga na kusa da ke. Ta harshen damo kuwa saƙonta a fili yake: "Na gane, ni ma ina cikinku." Shi ya sa ƙawaye suke haɗa ido su tafa. Shi ya sa kuma babu abin da ya kai zama cikin masu dariya ciwo alhali ke ba ki san me aka ce ba, har ki ƙaƙalo taki ta dole don kada a ce ke baƙauya ce. Akwai ma ɗan jin kai a ciki, kowa tana jin ta fi wadda aka bari a baya wayo. Al'adarmu ta san da wannan, shi ya sa ta yi masa shinge ta ware waɗanda za su yi wa juna ba tare da an yi fushi ba: taubasai, jika da kaka, Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. A Jamhuriyar Nijar wannan wasa na dangantaka yana da daraja har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana a 2014.

Sai dai duk wannan bai gama bayyana dalilin da ya sa wata dariyar ta fi wata ƙarfi ba. Ke ma kin sani, wasan gari da gari murmushi yake sa wa, amma akwai irin wanda idan aka yi a ɗakin amarya sai an rufe fuska da mayafi ana dukan juna. Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Sigmund Freud, ya rubuta littafi sukutum a kan barkwanci a 1905. Ba duk maganganunsa masana na yau suka yarda da su ba, ni ma haka, amma akwai guda da nake ganin kamar a tsakar gidan Bahaushe ya zauna ya rubuta ta. A ganinsa akwai abubuwan da tarbiyya ta hana mu faɗa, muna danne su kullum, dannewar kuma aiki ce. Barkwanci yakan buɗe musu 'yar ɓarauniyar hanya su fito a cikin rigar mutunci, sai ƙarfin da muke danne su da shi ya fashe ya zama dariya.

Mu kuwa wa ya kai mu abin da ba a faɗa? Mace ba ta kiran sunan miji, sai "Malam" ko "maigidan" ko kawai "shi". Ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba a ce tana da ciki a gaban manya, sai juna biyu. Ba a ce za a je ba-haya, sai a ce za a kewaya. Wannan kunya ado ce, ba na ƙin ta ko kaɗan. Amma duk inda aka toshe wa magana babbar ƙofa, sai kalmomin yau da kullum su ɗauki kaya biyu. Dubi "ci" kaɗai: a ci tuwo, a ci kasuwa, a ci jarrabawa, a ci bashi, a ci amana, a ci mutunci, da sauran cin da ba sai na faɗa a wannan fili ba. Haka "sha", haka "kwana", haka kayan ɗakin girki da dama. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da wannan a kiɗan amada. Mata su cika gidan biki ana kaɗa ƙwarya, ta jefa magana, yara su ji zancen abinci ko sana'a, manya su yi shewa. 'Yan gambara ma da shi suke cin abinci a kasuwa. A daren sayen baki kuma abokan ango da ƙawayen amarya da shi suke gwada wa juna kaifin harshe, kowa ya tashi ba a zubar da mutuncin kowa ba.

Amfanin harshen damo ga mai yin sa shi ne kullum yana da ƙofar gudu. A nan ne kuma wasa yake iya komawa makami. Kishiya ta fito tsakar gida ta kori kaza tana cewa, "Kai, wannan kaza da kwaɗayi take, kullum tana gindin murhun da ba nata ba." Idan abokiyar zama ta yi shiru, ta sha. Idan ta tanka a ce, "Ni da kaza nake, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as." Wannan shi ne habaici, kuma ya kashe zaman lafiya a gidaje da yawa.

Abin da ya sa ma na ɗauko wannan hira wasiƙa ce da wata ɗaliba 'yar aji biyar ta aiko mini. Ta ce akwai wani mai sayar da kayan marmari a hanyarsu ta makaranta, babba ne, ya haife ta. Ran nan sun tsaya sayen mangwaro ita da ƙawayenta sai ya ce, "Kai, bana kayan unguwar nan sun nuna da wuri, ga masu gona sun yi barci," idonsa kuwa ba a kan tire yake ba. Ƙawayen suka kwashe da dariya, ita ma dariyar ta kuɓuce mata. Tun daga ranar kullum sai ya ƙara wata, ta yau ta fi ta jiya nauyi. Da ta ɓata rai ya ce, "Ni da mangwaro nake, ke ce dai zuciyarki ta kai ki wani wuri. Ai ran nan har dariya kika yi." Ta ce, "Anti, ko laifina ne da na yi dariyar?"

Ƙanwata, ba laifinki ba ne. Kin dai ji abin da gwajin Swinney ya nuna, ma'ana ta biyu ba ta neman izini kafin ta faɗo wa mutum a rai, dariya kuma cikin ƙawaye kamar hamma take, ɗaya ta yi sauran su kama. Wani lokacin ma ta kunya ce da rasa abin yi. Amma ki san abin da shi ya karanta a cikinta. Irin waɗannan maza da gangan suke zaɓar magana mai ƙofa biyu, gwaji ne kamar mai taɓa ruwa da yatsa kafin ya shiga. In kin yi dariya ya samu shaida kin gane, gobe ya matso. In kin yi fushi ya fice ta ɗaya ƙofar ya bar ki da kunya, har ya mai da ke mai mugun tunani. Ko ta ina shi ne da riba, matuƙar maganar ta ci gaba da zama a rufe.

To ku tuna abin da na ce ku riƙe, cewa bayani yana kashe barkwanci. Shi ne maganinsa. Ki tsare gida, ba fushi ba murmushi, ki ɗaga murya yadda na kusa za su ji, ki ce, "Baba, ban gane ba. Me kake nufi?" Ki kira shi Baba ɗin nan da kyau, ya tuna shekarunsa. Kin bar shi da zaɓi biyu ke nan: ko ya fito da mummunar ma'anar a fili a gaban jama'a, abin da da wuya ya iya, ko ya koma kan mangwaronsa ya ce "a'a, ba komai 'yata". In ya sake gobe, ki sake tambayarsa da irin muryar jiya. Ki kuma yi magana da ƙawayenki ku haɗa baki, don dariyarsu ce take ba shi ƙarfi, ranar da ya jefa magana ya ji tsit kamar an yi mutuwa jikinsa zai yi sanyi. Mangwaro kuma ba a wurinsa kaɗai ake sayarwa ba.

Kada kuma ki bar abin a cikinki. Ki gaya wa Inna ko yayarki, ki faɗa musu kalmomin yadda ya faɗe su, su manya ne, ba sai kin fassara ba. Wannan na mai tire ne a bakin hanya. Idan kuwa mai yin maganar yana da iko a kanki, malamin aji ne, ko mai koya miki darasi a gida, ko wani ɗan uwa da ke shigowa har ɗaki, to kada ki tsaya gwada dabara ke kaɗai, a ranar za ki kai maganar gaban iyaye ko shugabar makaranta. Masu samari kuma ban ce duk wanda ya yi muku wasa da kalma ku ɗaure masa fuska ba, hira ba raha ai tuwo ne ba miya. Wanda ya ce ya ga wata a daren da babu wata a sama, yana kallonki yana murmushi, ki amsa masa da taki. Wanda kuwa ma'anarsa ta biyu ba za ta faɗu a gaban yayanki ba, shi ma ki tambaye shi me yake nufi.

Kafin in ajiye alƙalami ga aikin gida. Ku ɗauki kalmar "fari" yadda take a rubuce, ku ƙirgo mini ma'anoninta, kowace da jimlarta. Ni na samu biyar. Ɗaya a gona take ɓarna, ɗaya daga rashin ruwan sama take zuwa, ɗaya kuma da ido ake yin ta, na kuma san 'yan matan wannan fili ba sa bukatar a koya musu ita. Wadda ta samu fiye da biyar ta aiko, za mu buga amsarta a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.